Kujerar Kusa da Soket

Ni ce na kawo ta, shi ya sa har yau in maganar ta taso raina yake ɓaci sabo fil, sai ka ce jiya aka yi.

Shekarar da na yi ritaya daga ma'aikatar tarayya, wasu tsofaffin abokan aiki suka ja ni cikin kwamitin amintattu na wata gidauniya da suka kafa. Aikinta ɗaya ne: biyan kuɗin asibiti ga matan ƙauyukan da ke kewayen Karshi in haihuwa ta zo musu da gardama, ko ta bar musu lalura. Lokacin Abuja tana kan ganiyarta. Soja sun koma bariki, ɗanyen mai yana tsada a kasuwar duniya, duk inda ka waiwaya bene ake azawa, kuma duk babban mutumin da ya bar kujera yana so a ce yana da gidauniya. Tamu dai tana aiki, wannan ba zan tauye mata haƙƙi ba. Mata da yawa sun tashi daga gadon asibiti sun koma gona ta dalilinta.

Matsalar mu ne masu juya ta. Mun fita daga ma'aikata, amma ma'aikata ba ta fita daga jikinmu ba. A gidan Shugaba muke taro, a Maitama, kan dogon teburin cin abincinsa. Shugaba tsohon babban sakatare ne, dattijo mai fara'a da kyauta, wanda har lokacin da koren biro yake rubutu, don a zamaninsa na manya ne kaɗai. Kowa yana zama gwargwadon matakin da ya bar aiki a kai. Shugaba a kan tebur, sai Hajiya mataimakiyarsa wadda ta taɓa riƙe wata hukuma, sai Likita, sai ni sakatariya tunda darakta na sauka, sai Ma'aji da sauran jama'a. Magana ma haka take sauka, daga sama zuwa ƙasa. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, kuma ba a taɓa saɓa masa ba. In maganar ta iso ƙasan tebur, galibi an riga an yanke hukunci, ƙanshin abinci ya fara shigowa daga kicin.

Ana nan sai wata ƙungiyar ƙasar waje da ke ba mu tallafi ta ce tana so ta ga wanda ya san harkar kwamfuta da intanet a cikin kwamitinmu, domin rahoto da neman taimako da adana bayanan marasa lafiya duk sun koma can. Da na karanta saƙon a taro, Shugaba ya gyaɗa kai ya ce, "To, a samo yaro."

Likita ya ce ƙanen direbansa yana da shagon buga takardu, yaron kirki ne. Na ce masa ɗan kwamiti suka ce, ba masinja ba. Tunda ni na buɗe baki, sai aka ɗora mini neman. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Ban sha wahalar tunani ba. Ƙawata ta makaranta tana da 'ya injiniyar kwamfuta, tana shugabantar sashe guda a wata hukumar gwamnati, da maza masu gemu a ƙarƙashinta, ga aure ga 'ya'ya biyu. A hannuna ta girma, Anti take kirana. Na same ta a gidanta wata Asabar tana yi wa ƙaramar 'yarta kitso, na karanta mata abin da ke tafe da ni. Ta saurara har na gama, sannan ta yi dariya.

Ta ce, "Anti, na san irin wannan gayyatar. Ko gidan surukaina na je, kafin a amsa mini sallama an miƙo mini waya. Gyaran waya kuke nema."

Na ce, "Kujera za a ba ki, da ƙuri'a irin ta kowa. Ki yi magana a saurare ki. Ba gyaran waya na kira ki ba."

"Kin tabbata?"

"Na yi miki alkawari."

Ban cika yin alkawari ba, don na san kaya ne. Ita ma ta san haka, shi ya sa ta amince.

Ranar taronta na farko ta zo da shirinta, da tunanin yadda za a tsare bayanan matan da muke taimaka wa, da yadda za a nemi gudummawa wajen 'yan ƙasa mazauna waje. Aka nuna mata kujerar ƙarshe, can ƙasan tebur, jikin bango, inda soket yake. Shugaba ya gabatar da ita da cewa, "Ga 'yarmu mai kwamfuta." Bai faɗi muƙaminta ba, bai faɗi karatunta ba. Ko addu'ar buɗe taro ba a shafa ba, na ga wayar Hajiya tana tafiya hannu zuwa hannu, tana gangarawa ƙasan tebur.

Hajiya ta ce, "'Yata, hotunan jikokina ne suka ɓace. Ɗan duba mini kafin a zo kanki."

Ta Likita ta bi baya, wai ta cika ba ta karɓar saƙo. Injiniya ta ɗago kai ta dube ni. Ni kuwa na duƙufa kan rubutuna kamar wadda ake yi wa shifta.

Na ɗauka abin na rana ɗaya ne, ɗokin baƙo. Ashe somin taɓi ne. A taro na gaba Ma'aji ya zo da kwamfutar ɗansa a leda. Matar Shugaba ta aiko da tata wayar daga cikin gida a kan faranti, tare da lemo. Direbobi da masu gadi suka gano hanya, suna tare ta tun daga bakin ƙofa suna cewa, "Madam, oga ya ce ke kin iya." Kafin shekara ta raba, gabanta ya zama kamar rumfar mai cajin waya a kasuwa. Tana gyara tana sauraro, tana jira maganar ta gangaro. In ta iso kanta, Shugaba ya duba agogo ya ce, "'Yata, akwai wani abu? Babu ko? Madalla. Likita, rufe mana da addu'a."

Ba mugunta ba ce, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Son ta suke yi. Hajiya ta kawo mata turare daga Makka. Shugaba yana yabonta a gaban baƙi, yana cewa yarinya ce mai tarbiyya, ba ta da surutu. Da ƙiyayya ce da na san inda zan kama.

A wannan tsakanin tawa wayar ta kamu da nata ciwon. Jikana ya yi wasa da ita, ban san me ya danna ba, sai ga muryar wata Baturiya ta tare a ciki. Duk abin da na taɓa sai ta faɗe shi da ƙarfi, kuma ba ta buɗe komai sai na doka sau biyu. Na je gaisuwar mutuwa, ana cikin addu'a, ta sanar da jama'a ƙarfe nawa. Na kai ta Kasuwar Wuse, mai gyara ya ce sai dai a goge komai a fara daga farko. Na karɓe abata, don saƙonnin marigayi maigidana suna ciki. Na san wadda za ta kore Baturiyar nan kafin shayi ya huce, amma na rantse wayata ba za ta gangara ƙasan teburin nan ba. Ranar taro sai in kashe ta in tura can ƙasan jaka. Haka na zauna da Baturiya kamar maƙwabciyar da ba ka da yadda za ka yi da ita.

Gidauniyar tana da shafi a intanet tun kafin zuwan Injiniya. Hajiya ce ta sa wani ɗan kwangila ya yi, kuma Hajiya Allah ya jarabce ta da son hoto. Duk matar da muka biya wa asibiti sai an ɗauke ta tsaye kusa da Hajiya, a rubuta sunanta a ƙasa, da ƙauyensu, da ciwon da ya same ta, har da masu yoyon fitsari. Kwamiti ne ya amince da haka a zamansa, wai shaida ce ga masu ba da tallafi cewa ba cinye kuɗin muke yi ba. Injiniya ta yi mini maganar hotunan tun farkon zuwanta, ta ce akwai gyara. Tana jiran ranar da maganar za ta iso kanta da sauran lokaci.

Sau ɗaya a shekara mukan kai ziyara Karshi, jerin motoci masu baƙin gilashi, mu tsaya a harabar asibiti a yi jawabai. A ziyarar wannan shekarar, ana cikin jawabin Shugaba, ina tsaye gefe tare da Injiniya sai wata mata ta matso. Manomiya ce daga cikin 'yan asalin yankin, da ƙaramin gicciye a wuyanta, Hausarta ta kasuwa ce. Na gane fuskarta, mun taɓa biya mata aiki. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta juya wajen Injiniya.

Ta ce, "Madam, an ce kai ne mai kwamfuta. Ni ina roƙo. Ku cire ni a cikin waya."

Injiniya ta ja ta inuwa ta ce ta yi mata bayani. Ashe bayan ta warke ta koma sana'arta ta sayar da kunu ranar kasuwa. Wani saurayin ƙauyensu da ke aiki a birni ya ci karo da hotonta, ya nuna wa abokai, abu ya bi wayoyi har ya iso kasuwa, da sunan ciwon a rubuce ƙarƙashin fuskarta. Masu saye suka fara wuce ta suna zuwa wajen wata.

Ta ce, "Na gode da magani, Allah ya biya ku. Asibiti ya ce na warke. Amma waya ya ce ban warke ba. Mutane yana kallona, kunu ba ya tafiya."

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Can gaba kuma ana tafa wa Shugaba, Hajiya tana gyara mayafi don hoto. Injiniya ta karɓi lambar ɗan matar, ta ce mata in Allah ya yarda za a cire.

A mota na tambaye ta ko abin mai wuya ne. Ta ce, "Kafin mu kai gida zan iya. Amma Anti, ba ita kaɗai ba ce, kuma kwamiti ne ya sa su. Ina so kwamiti ya cire da kansa, ya kuma yanke cewa ba za a sake ba. In ba haka ba, gobe a ɗora wasu. Ai don irin wannan kika kawo ni."

Na ji daɗin maganar. Na ce a raina, to ga ranar da alkawarina zai cika.

Na sa batun a sahun gaba na ajandar taro. Ƙa'ida ce sai Shugaba ya duba kafin a raba. Ta dawo mini da koren layi ya zagaye batun, da kibiya ta ja shi har ƙasa, cikin sauran batutuwa. Ranar taron kuwa aka shiga maganar liyafar cika shekaru da kafa gidauniya. Wane otal, wane babban baƙo, sannan wane launin anko. Manyan mutane, waɗanda suka taɓa riƙe kasafin ƙasa a hannunsu, suka raba gari kan shuɗi da ruwan toka har aka kira azahar. Shugaba ya duba agogo. Injiniya ta buɗe baki ta ce, "Baba, akwai maganar hotuna," ya ce, "Sai zama na gaba, 'yata, ai ba gudu take yi ba." Zama na gaba kuwa sai bayan wata uku.

Na koma gida ina huci. Na yi ta faɗa ni kaɗai a mota har direbana ya tambaya ko da shi nake.

Da zaman ya zo, na riga na ƙulla abin da zan yi. Shugaba ya yi magana, Hajiya ta yi, Likita ya yi, aka zo kaina. Na ajiye biro na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni da abin faɗa yau. Na bar wa Injiniya lokacina."

Ma'aji, wanda shi ke bina a layi, ya dube ni kamar na tsallake shi a sahun salla. Shugaba ya cire tabarau ya ce, "Hajiya Sakatariya, a ina aka taɓa yin haka?"

Na ce, "A nan, yau."

Ya yi murmushi irin na wanda ya ga yaro zai taɓa wuta, ya ce to bismilla. Injiniya ta ture wayoyin da ke gabanta gefe. Ba ta ja magana ba. Ta ba da labarin mai kunu yadda ya faru. Ta ce abin da aka ɗora a intanet ba kamar hoton bango ba ne da za a sauke a manta, kowa yana iya kwafa ya yaɗa. Ta ce masu ba da tallafi ba su taɓa neman sunan kowa ko ciwonsa ba, ana iya nuna musu aiki ba tare da an tona asirin mace ba. Ta roƙi a sauke hotunan, kuma nan gaba a riƙa tambayar mai hoto, a yi mata bayani da harshen da take ji.

Hajiya ce ta fara. Ta ce, "Wato mu ne ba mu san rufin asiri ba. Tun ba a haife ki ba nake aikin mata a ƙasar nan. Su matan da bakinsu suke cewa a ɗauke su da ni."

Injiniya ta ce, "Mama, wadda aka biya wa asibiti jiya ba za ta iya ce miki a'a yau ba."

Gaskiya ce, kuma ita ce ta ɓata komai. Hajiya ta kawar da kai, ta shiga kaɗa ƙafa. Shugaba ya ɗaga hannu ya ce, "'Yata, kin yi magana mai kyau. Amma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Abin da kwamiti ya zartar ba a warware shi da ka." Nan take ya kafa ƙaramin kwamiti ya duba lamarin ya kawo rahoto. Ya naɗa Hajiya ta shugabance shi. Na ce a sa Injiniya a ciki, ya ce ba zai yiwu ba tunda tana da ra'ayi a maganar, amma in an gama ita za ta buga musu rahoton a kwamfuta.

Na yi shekaru ina kafa irin waɗannan ƙananan kwamitoci a ma'aikata, na san maƙabarta ce. Ga shi Hajiya tana shirin umara, daga can ta wuce ƙasar waje wajen 'yarta mai jiran haihuwa. Ƙaramin kwamiti bai taɓa zama ba.

Wata safiya, damina ta yi nisa, Baturiyata ta sanar da ni ana kira. Na doka sau biyu, na ji muryar Injiniya.

Ta ce, "Anti, na sauke hotunan. Duk masu suna da ciwo. Ban goge ba, suna nan a ajiye. Na rubuta wa Baba na gaya masa."

Na ce, "Me ya faru?"

"Ɗan mai kunun nan ne ya kira ni. Ta daina zuwa kasuwa gaba ɗaya, ko coci ba ta fita. Ya ce in gaya masa gaskiya, in ba za a cire ba su sani. Na rasa me zan ce masa."

Na ce mata Allah ya yi mata albarka. Daga baya na ji matar ta koma kasuwa, ko da yake ba duk masu sayenta ne suka dawo ba, don waɗanda suka riga suka kwafi hoton yana nan a wayoyinsu.

Saƙon da ta aika wa Shugaba bai gani ba, domin ba ya buɗe saƙo sai an buga masa a takarda. Hajiya ce ta gano bayan dawowarta, a wajen wani biki, ta ciro waya za ta nuna wa matar wani minista ayyukanta, ta tarar babu ita babu matan. Kafin mako ya zagayo aka kira taron gaggawa. Tun da aka kafa gidauniyar ba a taɓa kiran taron gaggawa ba. Mai kunu ta yi watanni a ɗaki ba a kira ba. Kuma ba a gayyaci Injiniya ba, tunda maganarta za a yi.

Aka zagaya tebur yadda aka saba, kowa ya ce an yi wa tsari karan tsaye. Sannan Shugaba ya juyo gare ni ya ce in rubuta, zai yi shifta. Na ɗauka wasiƙar jan kunne ce. Sai na ji yana jero kalmomin da na haddace tun ina ƙaramar ma'aikaciya: an lura da cewa, ba tare da izini ba, ki yi bayani a rubuce cikin awa ashirin da huɗu dalilin da zai hana a ɗauki matakin ladabtarwa a kanki. Takardar tuhuma, irin wadda ake ba akawun da ya yi fashin aiki.

Na ajiye biro. Na ce, "Ranka ya daɗe, wane mataki? Albashin da ba mu biyanta za mu tsayar? Girma za mu rage mata, alhali tana kujerar ƙarshe? Ko ofishinmu na ƙauye za mu tura ta? Mace ta bar 'ya'yanta ranar hutu, ta zuba mai a motarta, ta zo ta yi mana aiki kyauta, mu ba ta kweri?"

Ya ce, "Tsari tsari ne, Hajiya Sakatariya."

Na ce, "To ba da hannuna ba."

Hajiya ta ce dama ai an san Injiniya 'yar gidana ce. Na ce mata ƙwarai, kuma ina alfahari. Muka yi musayar maganganun da shekarunmu suka wuce, har matar Shugaba ta leƙo. A ƙarshe Ma'aji ya rubuta, Shugaba ya sa hannu da koren biro, aka kira direbansa ya kai mata ofis. Ina tsaye direban zai fita, Shugaba ya kira shi ya dawo. Ya miƙa masa ƙaramar kwamfutarsa ta hannu ya ce, "Tunda can za ka, ka ba ta wannan ta duba mini, kwana biyu ta ƙi buɗewa."

Wallahi da gaske yake. Na tsaya ina kallonsa, na rasa dariya zan yi ko kuka.

Ban kira ta ba, don ba ni da fuskar da zan kira ta da ita. Ita ma ba ta kira ba. Da zama na gaba ya zo, sai ga ta kan lokaci, ta gaida kowa, ta kai wa Shugaba kwamfutarsa a gyare, ta wuce kujerarta ta kusa da soket. Wayoyi suka fara gangarawa kamar ba a yi komai ba. Ta jera su a gabanta, ba ta taɓa ko ɗaya ba. Aka yi ajanda daga sama har ƙasa. Shugaba ya duba agogo ya ce, "'Yata, akwai wani abu? Babu ko?"

Ta ce, "Akwai, Baba."

Ta miƙe tsaye. Ta ce ta ga takarda, amsarta ita ce ta sauke hotunan ne don mai hoton ta roƙa, kuma da za a sake da ta sake. Ta ce ta gode da karamci, amma daga yau ta ajiye kujerarta. Kalmar sirrin shafin ta bar wa sakatariya. Hotunan suna nan a ajiye, duk mai son mayar da su ya je Karshi ya tambayi masu su tukuna. Ba wanda ya je, ba kuma wanda ya san yadda ake mayarwa, don haka har na bar kwamitin ba su koma ba.

Shugaba ya yi mamaki na gaskiya, har ya ba ni tausayi. Ya ce, "Haba 'yata, don takarda ɗaya? Ni nan da kike gani na sha karɓar irinta kafin na kai inda na kai. Ai wanda ake ji da shi ake ba."

Ta ce, "Na sani, Baba. Allah ya ƙara girma."

Ta bi tebur tana mayar wa kowa wayarsa da hannu biyu, ta ɗauki jakarta ta fita. Hajiya ta juya tata wayar a hannu ta ce, "Ko dubawa ba ta yi ba." Shugaba ya ce, "Hajiya Sakatariya, sai a samo mana wani. Amma wannan karon a duba mai haƙuri." Ban jira addu'ar Likita ba, na bi bayanta.

Na same ta a harabar gidan tana buɗe mota, masu gadi sun tsaya nesa da wayoyinsu a hannu, sun ga fuskarta ba ta yau da kullum ba ce. Na shirya maganganu tun daga ƙofa, na zo gabanta suka gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Na yi miki alkawari, ban iya cikawa ba."

Ta ce, "Kin ba ni lokacinki, Anti. Na gani."

A daidai nan jakata ta yi magana. Ashe ranar saboda ɓacin rai na manta ban kashe wayar ba. Baturiya ta sanar da mu ƙarfe nawa, ta ƙara da cewa caji ya yi ƙasa. Injiniya ta dubi jakar, ta dube ni.

Ta ce, "Tun yaushe take haka?"

Na ce, "Tun bara."

"Tun bara, kina zaune tebur ɗaya da ni?"

"Ba gyaran waya na kira ki ba."

Na ga idonta ya kawo ruwa, abin da takardar Shugaba ba ta sa ta yi ba. Sai ta miƙo hannu ta ce, "Kawo, Anti. Yanzu ai ba na kwamiti."

Na ciro na ba ta.